Jagora: Yadda Ake Tafiya Da Littafi Alhali Ana Zaune A Gida

Tun da na ambaci cewa littafi yana iya tsaya wa mutum a madadin tafiya, saƙonni ba su daina shigowa ba, kuma tambayar kusan ɗaya ce: to ta yaya? Masu tambayar iri-iri ne. Akwai mai jego a Unguwar Dosa, akwai baiwar Allah da ke takaba wata 4 da kwana 10, akwai wanda ya samu karaya yana kwance a Rigasa, akwai ɗan fansho da kuɗin mota ya fi ƙarfinsa tun da aka cire tallafin mai a 2023. Mu mutanen Kaduna mun san zaman dole. Mun yi kullen korona a 2020, sannan a 2022 jirgin ƙasan Abuja ya tsaya daga ƙarshen Maris har Disamba, a shekarar da ɗaliban jami'a suka yi wata 8 a gida.

Na san gani ya kori ji, kuma littafi ba zai kai ka gaisuwar dangi ba, ba zai sauke maka farali ba. Amma yana fitar da zuciya daga bango huɗu, in an san yadda ake yi. Karanta littafi daban, tafiya da littafi daban, bambancin kuwa shiri ne. Ga yadda ake bi, daki-daki. Da "ka" zan yi magana, amma har da ke.

1. Tsayar da inda za ka

A tashar Kawo ba a shiga mota sai an faɗi gari. Haka wannan ma. "Ina son sanin duniya" ba wurin zuwa ba ne, kuma mai faɗin haka yakan tara littattafai 10 ya kasa gama ɗaya. Zaɓi hanya guda, mai mafari da maƙura, ka rubuta ta a takarda.

Hanyoyin da na fi ba mai farawa shawara su ne waɗanda kakanninmu suka taka. Akwai hanyar hajjin ƙasa: Kano, Maiduguri, Fort Lamy, Abeche, Fashir, Ubayyid, Khartum, Sawakin, sai a tsallaka Bahar Maliya zuwa Jidda. Akwai hanyar fataken goro daga Kano zuwa Gwanja, inda kasuwar Salaga take a arewacin Ghana ta yau. Akwai ta ayarin Sahara: Kano, Damagaram, Agadas, Gat, Gadamus, Tarabulus. In kuma Turai kake so, akwai tafiyar jirgin ruwa daga Legas zuwa Ingila.

Ka fifita wurin da kake da wata alaƙa da shi. In an taɓa ba ka labarin wani kakanka da ya tafi Makka da ƙafa ya yi shekaru bai dawo ba, ɗauki hanyar gabas, za ka gamu da garin Mai Wurno a Sudan, inda mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka zauna bayan yaƙin Burmi na 1903. In 'yarki tana karatu a Alƙahira, ki nufi Masar. Alaƙar ita za ta riƙe ka ranar da kasala ta zo.

Gargaɗi: kada ka haɗa hanya biyu a lokaci guda. Sunayen garuruwa za su cakuɗe maka, ka rasa inda kake.

2. Nemi littafi biyu: na baƙo da na ɗan gari

Nan ne yawancin mutane ke yin kuskure, don haka zan ɗan tsaya. Sukan ɗauki littafi ɗaya su ce sun san ƙasa. Ido ɗaya ke nan. Baƙo yana ganin abin da ɗan gari ya daina gani saboda sabo: yadda ake gaisuwa, farashin kaya, warin kasuwa, tsayin ganuwa. Ɗan gari kuwa shi ya san dalilin abin. Sai ka haɗa su biyun hoto yake cika.

Gwada da ƙasarmu don ka gane. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shiga Kano a farkon 1851. Ya zaga unguwanni, ya duba marina, ya lissafa kayan da ake fitarwa, ya ƙiyasta mazauna birnin da kusan 30,000. Bayani ne mai daraja ƙwarai. Amma baƙo ne, gwamnatin Ingila ce ta ɗauki nauyin tafiyarsa, kuma Turawa yake rubuta wa. Cikin gida, wato aure, goyo, kishi, yaye da fargabar mahara, wannan sai a labarin Baba ta Karo, dattijuwar ƙasar Zazzau da ta ba da tarihin rayuwarta aka buga a 1954. Wanda ya karanta su biyun ya shiga ta ƙofar gari, ya kuma wuce zaure.

Sai a juya. Akwai Hausawa da su ma suka zama baƙi a ƙasar wasu suka ba da labari, kuma a ganina da su ya kamata mai farawa ya fara, domin abin da ya ba su mamaki shi zai ba ka. Dorugu, yaron da ya bi Barth zuwa Ingila a 1855, ya faɗi abin da ya gani da Hausa aka rubuta. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Mai Larabci kuma yana da Rihla ta Ibn Baɗuɗa, mutumin Tanja da ya bar gida a 1325 ya yi kusan shekara 30 yana yawo.

Littafi na biyu, na ɗan gari, ba lallai ya zama na tarihi ba. Ƙagaggen labari da marubucin ƙasar ya rubuta, ko tarihin rayuwar wani mutumin can, ya wadatar, wani lokaci ma ya fi.

Kafin ka amince da littafi, gwada shi. Buɗe tsakiya ka karanta shafi 5. Ka ga sunan gari? Ka ga abin da aka ci? An faɗi zafi ko sanyi, an faɗi abin hawa, an yi magana da wani mutum? In babu ko ɗaya, ra'ayi kawai marubucin yake zubawa, ajiye shi.

Gargaɗi na farko: ka fara da harshen da ba sai ka riƙa buɗe ƙamus ba. Turancin ƙarni na 19 yana da nauyi, jimla ɗaya sai ta ci layi 6. In Hausa ta fi maka sauƙi, babu kunya a ciki.

Gargaɗi na biyu: a littattafan tsofaffin Turawa za ka ci karo da raini ga baƙar fata da ga addini. Kada ka haɗiye shi, kada kuma ka jefar da littafin saboda shi. Ɗauki abin da ya gani da idonsa, ka bar masa fassararsa. Matafiyan Larabawa ma ba a karɓar duk abin da suka faɗa. Ibn Baɗuɗa sai da ya koma gida ya yi wa wani marubuci mai suna Ibn Juzayy shiftar labarinsa, kuma masana suna shakkar wasu sassan.

Gargaɗi na uku: littafin Barth juzu'i 5 ne. Kada ka ce sai ka cinye shi. Katsina da Kano suna juzu'i na 2, nan za ka nufa.

3. Samo littafin, daga na kyauta zuwa na kuɗi

Bi wannan jerin, kada ka tsallake zuwa kasuwa.

Fara da gida da maƙwabta. Tsofaffin malaman makaranta da 'yan fansho na Tudun Wada, Unguwar Rimi da Malali da yawa suna da akwatunan littattafai da ba a buɗe ba shekara da shekaru. Aika yaro da gaisuwa da takarda mai sunan littafin. Littattafan Larabci kuma malamin zaure ko na Islamiyya ya fi kowa sanin mai su.

Sai ɗakunan karatu. A titin Bida akwai ɗakin karatu na jiha da reshen na ƙasa. Gidan Arewa da ke titin Rabah, tsohon gidan Sardauna, yana da tarin littattafan tarihin Arewa. Tun da kana gida, wani za ka aika, don haka a fara tambayo ƙa'ida: ana ba da aro, ko a nan ake karantawa? Wuraren bincike irin Gidan Arewa yawanci ba a fita da littafi, sai dai a nemi izinin kwafe 'yan shafuka.

Sannan kasuwa. Masu baza littattafan hannu a gefen titi wajen babbar kasuwa, da masu sayar da littattafan addini a bakin masallatan Juma'a, su ne mafi araha. Tsofaffin littattafan Hausa da aka buga a Zariya, in an rasa a nan, a sa wani ya duba a Zariya ko Kano ya ba direba saƙo. Ka lissafa kuɗin saƙon cikin kuɗin littafin kafin ka ce a saya.

Na ƙarshe intanet. Littattafan da suka tsufa har haƙƙin mallakarsu ya ƙare ana samun su kyauta kuma halal a Internet Archive da Project Gutenberg. LibriVox tana da waɗanda aka karanta da murya. Na Larabci suna cikin Maktaba Shamila.

Ga lissafin data, don shi ne ainihin kuɗin. Littafin rubutu zalla irin EPUB ba ya cika wuce MB 2. Wanda aka ɗauki hoton shafukansa aka mai da PDF yana iya kai MB 30, 50 ko fiye. Sa'a ɗaya ta littafin saurare kusan MB 30 ce. Bidiyo shi ne mai cinye kuɗi, sa'a ɗaya tana iya lashe ɗaruruwan MB. Duba girman fayil kafin ka taɓa shi, ka kuma bari sai dare ka sauke da datar dare, ta fi araha.

Gargaɗi: in ka danna littafi ka ga fayil ɗin ya ƙare da apk, ko an ce sai ka sa lambar katin banki, fita. Ba littafi ba ne. Haka kuma littattafan marubutanmu masu rai da ake yawo da su a zaurukan WhatsApp ba da izininsu ba, guminsu ne ake ci. Yawancinsu suna sayarwa da rahusa, tuntuɓi mai littafin ka biya.

Wani gargaɗin: in za a sayo maka na hannu, a duba shafin farko, na ƙarshe, da inda taswira take. Sau da yawa taswirar ce aka yage. Kuma kada ka sa a yi maka fotokwafin littafi sukutum. Ninka kuɗin shafi ɗaya sau 300 ka gani, sau da yawa ya fi kuɗin na hannu.

4. Haɗa guzuri

Abu 4 ne ba makawa: taswira, littafin rubutu mai warƙa 60, fensir, da fitila mai caji. 

Taswirar ita ce uwa. Littafin taswirori na 'yan sakandare, ko da tsoho ne, ya fi waya a nan, domin yana nuna maka ƙasa gaba ɗaya a shimfiɗe, ba ya cin caji, kuma ba ya kawo saƙo. Ɗora farar takarda marar kauri a kan shafin, ka kwafi bakin teku, manyan koguna da garuruwan hanyarka, ka liƙa ta a bango kusa da inda kake zama. Wannan ita za ka riƙa ja wa layi kullum. In waya za ka yi amfani da ita, Google Maps yana ba da damar sauke yanki a duba shi ba data.

Mai karatu a waya ya sa manhajar karatu irin ReadEra, ya ƙara girman rubutu, ya rage hasken fuska. Wanda ya haura shekara 40 yana ganin rubutu dishi-dishi, ya gwada tabarau kafin ya ce karatu ne ba ya so.

Gargaɗi: ka yi cajin fitila da waya da zarar an kawo wuta, kada ka bari sai lokacin karatu. Karatu da kyandir kusa da gidan sauro kuma haɗari ne, a bar shi.

5. Yanka zango

Ɗauki fensir ka raba littafin tun kafin ka fara. Shafi 15 zuwa 20 a rana ya isa, wato minti 30 zuwa 40. Littafi mai shafi 300 mako 3 ke nan. Amma kada ka yanka da ƙidayar shafi kawai: ka sa zangonka ya ƙare inda matafiyin ya sauka a wani gari. Ya fi daɗi ka kwana ka san inda ka bar shi.

Tsayar da lokaci ɗaya ka riƙe. Bayan Asuba kafin gida ya tashi, ko tsakanin La'asar da Magariba, ko bayan Isha'i. Mai jego ta ɗauki lokacin barcin jariri na hantsi, ta kuma yarda cewa wata rana shafi 5 za ta samu. Mai jinya ya guji lokacin da magani ke sa shi gyangyaɗi.

Gargaɗi: zumuɗin ranar farko yana kashe tafiya. Wanda ya karanta shafi 90 ran Asabar ba ya buɗewa ran Lahadi. Ko ya yi daɗi, tsaya a zangonka.

6. Yadda ake cin zango ɗaya

Wannan shi ne zuciyar aikin. Kashe data. Dubi taswirar bango ka tuna inda aka kwana jiya. Karanta zangon gaba ɗaya ba tsayawa, duk sunan da ba ka sani ba ka ɗiga masa fensir a gefe ka wuce. Sai ka gama sannan ka koma kan ɗigon, ka nemo garuruwan, ka ja layi.

Bari in nuna da tsallaka Saharar Ibn Baɗuɗa. Ya tashi daga Sijilmasa, a kudancin Maroko, a Fabrairun 1352. Bayan kwana 25 suka isa Tagaza, a arewacin Mali ta yau, garin da aka gina gidaje da masallacinsa da sassaƙen gishiri aka rufe da fatun raƙuma, ruwansa zartsi, ga ƙudaje. Suka yi kwana 10 a nan. A gaba aka yi hayar mutum ɗaya kan mithƙali 100 na zinariya ya riga ayari zuwa Walata, don a fito a tarye su da ruwa. In wannan mutumin ya ɓata a hanya, ayarin ya halaka. Wata 2 cur suka yi kafin su ga Walata, a Muritaniya ta yau.

Mai karatu zalla zai wuce "kwana 25" kamar ba a faɗi komai ba. Mai tafiya sai ya auna da ƙasar da ya sani. Ayarin raƙuma yana cin kilomita 30 zuwa 40 a yini. Kaduna zuwa Kano kilomita 230 ne ko kusa da haka, kusan mako guda ke nan a ƙafar raƙumi. Ashe kwana 25 daidai yake da ka je Kano ka dawo, ka sake komawa, ka kamo hanyar dawowa har ka kusa gida, duk cikin rairayi da ruwan salka. Da ka yi wannan lissafin, shafin ya canza. Riƙe ma'auni biyu a kai: Zariya kilomita 80, Kano 230. Kowace tazara ka gamu da ita, mayar da ita kansu.

Daga nan sai littafin rubutu. Shafi ɗaya kowane zango, layi 5 kawai: inda aka tashi da inda aka sauka, kwana nawa, me aka ci ko aka sha, abu ɗaya da ya ba ka mamaki, da tambaya ɗaya da ba ka samu amsarta ba. Na zangon da ke sama zai zama kamar haka: Sijilmasa zuwa Tagaza. Kwana 25. Dabino da naman raƙumi, ruwa mai zartsi. Masallacin gishiri. Wane ne ke haƙar gishirin, kuma me ake biyansa? Layin tambayar nan kada ka raina shi, shi ne zai sa ka karanta gobe da ido buɗe.

Sai a ƙarshe, in akwai data, ka kunna ta na minti 10 ka dubi wuri ɗaya ta hoton tauraron ɗan'adam. Wuri ɗaya na ce.

Gargaɗi: sunayen wurare suna canzawa, kuma wannan ya sa mutane da yawa sun ɗauka taswirarsu ce ba ta da kyau. Fort Lamy ita ce Njamena tun 1973. Gold Coast ita ce Ghana, Dahomey ita ce Jamhuriyar Benin. Tsofaffin Turawa kuma da kunne suka rubuta sunayenmu: za ka ga Kashna a maimakon Katsina, Sackatoo a maimakon Sakkwato, Zegzeg a maimakon Zazzau. In suna ya gagare ka, faɗe shi da ƙarfi, sau da yawa kunne zai gane. Ware shafin ƙarshe na littafin rubutunka don tsohon suna da sabo.

Babban gargaɗi: kada ka kunna data a tsakiyar karatu da sunan duba gari ɗaya. Daga gari sai bidiyo, daga bidiyo sai saƙonni, lokacin ya tafi.

7. Sa kunne da harshe a ciki

Sau ɗaya a mako ya isa. Manhajar Radio Garden tana ba ka damar kama tashar rediyon garin da kake karantawa kai tsaye. Ko ba ka jin harshen, bar shi yana yi ƙasa-ƙasa na minti 15, ka ji yadda suke tallar kaya da karanta labarai.

Abinci ya fi komai tasiri, kuma ba sai an kashe kuɗi ba. In kana Maroko, dafa koren shayi da na'ana'a da sukari sosai. In kana Zanzibar, tsibirin kanumfari, jefa kanumfari da kirfa a shinkafar ranar. In kana hanyar Gwanja, goro ɗaya ya wadatar. Duk ana samun su wajen masu kayan ƙamshi.

In akwai wanda ya taɓa zuwa wurin a unguwa ko dangi, direban babbar mota, alhajin da ya zauna a Sudan, ɗalibin da ya dawo daga Indiya, kira shi ka karanta masa tambayoyin da ka tara. Mutane suna son a tambaye su inda suka je.

Gargaɗi: mai ciwon sukari ko hawan jini, da mai shayarwa, su tsaya kan abin da likita ya ce. Kuma kada ka kalli dogon bidiyon wurin kafin ka karanta shi. Hoton zai riga ya zauna, littafin ya rasa wurin da zai zana nasa.

8. Ja mutanen gida

Ba dole ba ne, amma wanda ya yi ba ya cika yankewa. Bayan Isha'i a shimfiɗa tabarma, ka karanta shafi 3 da murya, in da Turanci ko Larabci ne ka faɗi ma'anar da Hausa a taƙaice. Ba yaro ɗaya aikin jan layi a taswira, wani ya riƙe ƙidayar kwanaki. Tsofaffin da idonsu ya raunana su ne suka fi morar wannan, kuma sukan katse ka da labarin da babu shi a littafin. Bar su su faɗa, ka rubuta.

Gargaɗi: ka riga karanta shafukan kai kaɗai. Littattafan tafiye-tafiye na da suna ɗauke da cinikin bayi, kisa da al'adun da ba kowane yaro ya kamata ya ji ɗanye ba.

9. In tafiya ta tsaya

Za ta tsaya. Baƙi za su zo, jiki zai ƙi, ko babi ya yi tsawo da lissafin duwatsu da sunayen itatuwa. In kwana 2 ko 3 ka rasa, kada ka koma farko, kuma kada ka ce sai ka rama. Karanta shafi biyu na ƙarshe a littafin rubutunka, ka ɗora daga inda layin taswira ya tsaya. In babi ne ya gundure ka, tsallake shi zuwa gari na gaba. In ka kai shafi 50 littafin bai kama ka ba, canza littafi amma ka riƙe hanyar.

Akwai tsayawar da ba ta littafi ba ce. In ka ga makonni suna wucewa ba ka son karatu, ba ka son abinci, ba ka son magana da kowa, barci ya ƙaurace, musamman bayan haihuwa ko rashi, wannan ya wuce kasala. A faɗa wa wani na kusa, a ga likita.

10. Sauka

Ran da matafiyin ya isa, kada ka buɗe wani littafin. Ɗauki littafin rubutunka ka karanta shi daga farko, sannan ka rubuta shafi ɗaya kamar wasiƙa ga wani da ka sani, kana ba shi labarin inda ka je, da bakinka ba da na marubucin ba. In rubutu na yi maka wuya, yi saƙon murya na minti 5 ka tura masa. Bayan nan ne za ka ɗauko littafi na biyu, na ɗan gari, ka bi shi da tsari iri ɗaya, a kan taswira ɗaya, da fensir mai wani launi.

Cire taswirar daga bango in an gama duka biyun, ka rubuta ranar farawa da ta gamawa a bayanta, ka ninke ta cikin littafin rubutun. Littafin aro a goge ɗigon fensir a mayar wa mai shi cikin makon, da godiya, don a nan za ka koma neman na gaba. Ka huta kwana 2 ko 3, sannan ka bi layin tambayoyin da ka tara. Wadda ta fi maimaituwa a cikinsu, nemo garin da take nunawa a taswira, ka koma mataki na 1.